Ranar da Iska Ta Kwashe Kwanon Alabar

Tun ina ƙarama ba na shiri da hadari. Mutanen Kumasi ba su ɗauki ruwan sama a bakin komai ba, domin ƙasa ce da ruwa ba ya yi wa rowa, amma ni da na ga gabas ta haɗe rai sai tsoro ya kama ni. Dalili kuwa, a gabana aradu ta kashe ƙanwar mahaifiyata. Daga wanki muke dawowa, tana gaba da babban kwanon ƙarfe a ka, ina biye da ita da guntun sabulu a hannu. Ban ma ji ƙarar ba. Wani haske kawai na gani fari fat, sai na tsinci kaina zaune cikin ciyawa, kunnuwana suna kuka. Ita kuwa tana kwance rub da ciki, zanenta yana hayaƙi, kwanon ya huje kamar an soka masa mashi. An wanke ni, an ba ni rubutu na sha, an turara ni, amma warin ƙonannen gashi bai bar hancina ba.

Da wannan tsoro na girma, da shi na yi aure. Lokacin ƙasar nan tana hannun Turawa, ana ta maganar sun kusa tafiya. Maigidana dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar dabbobi. Idan Fulani da Zabarmawa suka gangaro da dabbobi daga arewa, shi ne yake tsayawa tsakaninsu da mahauta. Mutum ne dogo mai faɗin ƙirji, wanda idan ya kama ƙahon sa ya murɗa sai san ya durƙusa. Muka kama ɗaki a wani babban gidan haya a unguwar Alabar, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, hanyar shiga ɗaya ce ta zaure. Namu ɗakin yana can ƙurya, yana kallon zauren. Mai gidan wata Ba'ashantiya ce mai sayar da atamfa a unguwar Adum, kowa Maame yake ce mata. Tana da akuya guda, da agwagi da suka dame mu da kashi, da wata bishiyar fiya a tsakiyar gida da ba ta yarda ko ganyenta a tsinka.

A shekarar da na haifi ɗana na fari Maame ta jawo mana wutar lantarki. Waya ɗaya aka ɗauko daga turken da ke bakin titi, aka bi da ita ta saman zaure, ta ratsa sararin tsakar gida ta jikin reshen fiyar nan, sannan aka rarraba wa ɗakuna. Ranar da aka kunna, har daga maƙwabta aka zo kallo. Muka ga tsagar bango da ba mu taɓa sanin tana nan ba, muka ga kyankyasai suna gudu suna neman mafaka. Kafin wata ya zagayo kowa ya jefa fitilarsa ƙarƙashin gado ya manta da ita.

Abin da ba a gaya mana ba shi ne wutar nan ta fi ni tsoron hadari. Da iska ta fara kaɗawa sai a ɗauke ta. Ranar da na fara gane haka, ana shirin kiran magariba ne, Maigida bai dawo ba. Aka yi wata tsawa, ƙwan lantarkin ya yi ja ya mutu. Duhu ya rufe ni. Na laluba ban ga ashana ba, na jawo fitila na ji ta wayam babu ko ɗigon kananzir, yaro ya tsage da kuka. Ban san lokacin da na rungume shi na shige ƙarƙashin gado ba. Haƙorana suna haɗuwa har na ciji harshena, ina jin gishirin jini a baki.

A nan maƙwabciyata ta same ni. Wata tsohuwa ce, Bamosa a ƙabila, mai sayar da daddawa, ɗakinta yana jikin nawa, muna ce mata Mma. Hausarta irin ta Zango ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ta shigo da 'yar fitilarta, ta durƙusa ta haska ni.

Ta ce, "Kai yarinya, fito. Wa ya gaya maka aradu bai san hanyan ƙarƙashin gado ba?"

Na ce, "Mma, ba zan iya ba. Ƙafata ba ta motsi."

"To miƙo yaro, kada ka shaƙe shi."

Ta karɓi yaron, ta zauna bakin gado tana jijjiga shi har ruwan ya tsagaita na fito da kaina. Na ba ta labarin ƙanwar mahaifiyata. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ce mini in yi haƙuri ba, ba ta ce in bar wa Allah ba, abin da kowa yake faɗa ke nan. Cewa ta yi tsoro ba ya fita daga jikin mutum, amma yana ƙin mai aiki a hannu.

Washegari ta zaunar da ni ta sa na wanke ƙwan fitila da toka, na yanke lagwani, na cika kananzir. Ta ba ni gwangwanin madara mai murfi ta ce in riƙa ajiye ashana a ciki, in naɗe da tsumma, domin damshin Kumasi yana kashe ashana tun tana cikin kwali. Ta ce daga yau, da na ga hadari ya taso, kada in tsaya kallonsa. In fara goya yaro, in kwashe shanya, in shigo da gawayi, in cika randa, in tattara duk wani kwanon ƙarfe in tura shi ƙarƙashin gado, in juya madubi ya kalli bango, in ajiye fitila da gwangwanin ashana a inda hannuna zai same su ko idona a rufe. Idan na gama duka kuma ruwan bai sauko ba, in sake farawa daga farko.

Na ce, "In sake me, Mma, bayan na gama?"

Ta ce, "Ka sake goge fitila. Fitila bai taɓa cewa an goge shi da yawa ba."

Haka na riƙa yi. Ba zan ce na daina rawar jiki ba, amma na daina shiga ƙarƙashin gado. Maigida ya ga abin da nake yi, bai yi mini dariya ba, ko da yake shi tsawa ba ta hana shi barci. Wata rana ma ya dawo daga Adum da sabuwar fitilar ƙwai mai jan gindi, ya ajiye mini ya ce, "Ga ta biyu, ko ɗaya za ta fashe."

Damina biyu muka yi a haka. Ta ukun ce ta zo mana da abin da har yau tsofaffin Alabar da suka rage suke kwatance da shi.

Ƙarshen rani ne, an kwana biyu ana wani zafi mai nauyi, ganye ko motsi ba ya yi, kaji suna yawo baki buɗe. Ranar, bayan azahar, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji iska mai sanyi ta taɓa mini ƙeya. Na ɗaga kai. Ta wajen unguwar Manhyia sama ta yi baƙi, amma ba baƙin da na sani ba, akwai wani kore-kore a cikinsa kamar ruwan kwata. Na miƙe na goya yaro na ɗaure da majanyi, na shiga aikina. Ina cikin tura kwanoni ƙarƙashin gado Mma ta shigo ɗakina ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Yau zan zauna wurinka." A nan na san ita ma ta ga abin da na gani.

Iska ta zo kafin ruwa. Da farko muka ji ta daga nesa kamar jirgin ƙasa, sannan ta faɗo cikin unguwa. Rumfar girkinmu ce ta fara tafiya, ta tashi ɗungurungum da ginshiƙanta ta tsallake katanga. Duk gidajen Alabar a lokacin rufin kwano ne, tsofaffi masu tsatsa, an danne su da duwatsu da guntayen ƙarafa. Iska ta riƙa ɓanɓaro su ɗaya bayan ɗaya, ƙusoshi suna ƙara kamar ana zare haƙori, duwatsun suna gangarowa suna fasa duk abin da suka samu. Na leƙa ta ƙofa na ga sama cike da kwano, suna juyi suna walƙiya kamar wuƙaƙe. Wani ya sauko ya tsaya a jikin fiyar Maame, ya shige cikin itacen kamar gatari. Rana tsaka ta koma magariba. Sannan ruwa ya ɓarke, ba daga sama yake zuwa ba, daga gefe yake dukan bango.

Kusurwar rufinmu ta ɗaga ta koma, ta ɗaga ta koma. A karo na gaba ba ta koma ba. Ruwa ya zubo kan gado. Yaro yana ta tsala ihu a bayana amma ba na jin muryarsa, motsin ƙirjinsa kawai nake ji. Daga ɗakinta Maame tana kiran "Awurade! Awurade!" wato Ubangiji da bakinsu. Ni kuwa duk addu'ar da na sani ta gudu, salati kaɗai ya rage a bakina.

Cikin wannan hali na ji ƙasa tana rawa, wata rawa dabam da ta tsawa. Mma ta kama hannuna ta ce, "Shanu."

Daga baya muka ji yadda aka yi. An ɗebo garke daga kara za a kai mayanka, Maigida yana cikin masu rakiya, hadarin ya riske su a hanya. Aradu ta faɗi kusa da su, shanun suka watse cikin lungunan Alabar, suna tattake tebura da mutane. A lokacin ba mu san wannan ba. Abin da muka gani shi ne ƙyauren zaure ya tsage biyu, wani farin sa mai dogayen ƙaho ya faɗo cikin gida, idanunsa sun juye, jini yana zuba daga kafaɗarsa inda kwano ya yanke shi. Ya zagaya tsakar gida yana neman hanya. Ya ture turmi, ya tattake tukwane, ya kai wa bangon ɗakin Mma karo har ƙasa ta zubo. Akuyar Maame tana ɗaure a gindin fiya, ya soke ta a ciki ya ɗaga ta sama da igiyarta, ya yarfar. Ya juyo ya fuskanci ƙofarmu, wadda labule ne kawai a jikinta domin iska ta riga ta cire ƙyauren. Ina kallon numfashinsa yana fita kamar hayaƙi.

Sai reshen fiyar da kwano ya sara ya karye. Ya faɗo da wayar lantarki. Bakin wayar ya faɗa cikin ruwan da ya taru a tsakar gida, yana tsalle yana tartsatsi shuɗi. Mu duka mun ɗauka an riga an ɗauke wuta kamar kullum, ashe ranar ba a ɗauke ba. San ya yi wani kuka da ban taɓa jin dabba ta yi ba. Ƙafafunsa suka sandare, jikinsa ya riƙa karkarwa kamar ana girgiza shi, harshensa ya fito. Ya faɗi kan wayar, ƙahonsa ya daki dutsen wanki. Ya daɗe yana shure-shure. Sai wannan wari ya iso mini, warin ƙonannen gashi, na sulale zan faɗi.

Ban kai ƙasa ba na hango mutum a bakin zaure. Maigida ne, ba hula, riga ta manne a jiki, igiya a hannu. San amana ne a wurinsa, shi ya sa ya biyo shi, kuma ya ga gidan da ya shiga. Ya ɗaga ƙafa zai taka ruwan. Ni da Mma muka haɗa baki muka kurma ihu: "Kada ka shigo! Wuta! Wuta a ruwa!" Ban sani ba ko ya ji mu, ko san ya gani. Ya dai tsaya cak a kan dokin ƙofa. Tsayuwar nan ce ta cece shi daga wuta, ita ce kuma ta tsayar da shi a hanyar kwano. Wani falle ya taso daga rufin ɗakin Maame, ya zo a kwance daidai wuyansa. Ya ɗaga hannun dama ya kare. Na ga kwanon ya wuce, na ga Maigida ya juya ya faɗi da baya cikin zaure, ƙafafunsa kaɗai nake hange. Ruwan da ke gangarowa daga dokin ƙofar ya canza launi.

Na zabura zan fita. Mma ta cafke majanyina ta baya ta fizgo ni. Na juya na ture ta, tsohuwa da ita, ta bugu da bango. Ta taso ta kwaɗa mini mari har na ga taurari.

"Ka taka ruwan nan, kai da yaro duka ku mutu! Ka ga sa? Kai ka fi sa ƙarfi?"

"Mma, jini yake zubarwa! Zai mutu ina kallo!"

"To ka kalla. Ka tsaya ka kalla."

Ta rungume ni ta ƙugu, ta sa ƙafarta ta tokare ƙofa. Ban taɓa sanin akwai ƙarfi haka a jikinta ba. Na tsaya ina kallon ƙafafun mijina. Ɗaya tana motsi, tana lanƙwashewa tana miƙewa. Na ce a raina muddin tana motsi yana da rai, na kafe ta da ido. Aradu tana ta faɗuwa, ban ko runtsa ba. Wayar ta daina tartsatsi, amma wa zai ce ta mutu? Babu ƙwan da za a duba, babu wanda za a tambaya.

Agwagin Maame ne suka raba gardama. Akurkinsu ya rushe, suka fito a jere, su kaɗai ne a duk Alabar da wannan rana ta yi wa daɗi. Suka shiga ruwan suna kaɗa wutsiya, suka zagaya gawar san, ɗaya har ta sa baki tana tsotsar ruwa dab da wayar. Ba abin da ya same su. Mma ta sake ni ta ce, "Tafi."

Ruwan ya kai mini ƙwauri, fasassun tukwane suna yanka mini tafin ƙafa ban ji ba. Na isa zaure na tarar da duhu kamar cikin rijiya, domin ba taga, ga sama ta rufe. Na laluba na taɓa fuskarsa, na ji yana numfashi. Na taɓa hannun, yatsuna suka nutse cikin wani abu mai ɗumi da santsi, na janye. Na ƙwala wa Mma kira ta kawo fitila. Ta taho da mai jan gindin nan a ƙarƙashin ƙwarya, gwangwanin ashana a cikin zanenta. Ɗayar fitilar dutse ya riga ya faɗo mata. Hannuna yana rawa, na karya ashana ta fari, na karya ta biyu. Mma ba ta karɓa ba, ta dai kare mini iska da jikinta. Can wata ta kama.

Da haske ya tashi na ga abin da kwano ya yi. Ya tsaga hannun daga ƙasan gwiwar hannu ya gangaro zuwa wuyan hannu, naman ya buɗe, ƙashi ya fito fari, jini yana tsartuwa yana tsayawa yana tsartuwa. Maigida ya buɗe ido ya dube ni ya ce, "Yaron fa?"

Na ce, "Yana bayana."

"San ya mutu?"

"Ya mutu. Yi shiru."

Maame ta iso a jiƙe, ɗankwali babu, tana kuka tana magana da yarensu na Tuwi. Na kwance majanyi na miƙa mata yaron. Majanyin nan muka naɗa a damtsensa, Mma ta zura guntun muciya ta riƙa murɗawa. Ya yi ƙara ya kai mata duka da hagu, na hau ƙirjinsa na danne shi da gwiwa. Ta ci gaba da murɗawa har tsartuwar ta tsaya. Na cire zanena na sama na naɗe raunin.

Kafin nan iska ta fara sassautawa. Na fita titi ina ihu a taimaka. Abin da na gani a waje ya sa na gane ba mu kaɗai ba ne. Turakun wuta sun kwanta, wayoyi sun harɗe da kwano, gidaje sun zama buɗaɗɗu kamar an cire musu hula. Wata mata tana zaune cikin kwata riƙe da kanta, jini yana bin yatsunta. Wani tsoho yana ta kiran sunan jikarsa. Wata saniya ta karye a ƙafa tana jan jiki a tsakiyar hanya. Abokan aikin Maigida na kara suna bin lungu suna neman dabbobi, su ne suka ji ni. Suka ɗora shi a kan rabin ƙyauren da san ya fasa, suka ɗauka a ka, domin babu motar da za ta iya wucewa. Na bi su da fitila a hannu, ban ma san ban ajiye ta ba.

Asibiti ya cika har baranda, kuma su ma ba su da wuta. Fitilun da suke da su ba su isa ba. Da aka zo kan Maigida, wata ma'aikaciyar jinya ta ga fitila a hannuna ta ce in matso in riƙe. Haka na tsaya a kansa, hannuna a sama, ina kallon ana wanke naman ana ɗaure jijiyoyi ana ɗinkewa, shi kuma mutum huɗu sun danne shi yana cizon tsumma. Idan hannuna ya gaji ya sauko sai likita ya daka mini tsawa in ɗaga. A waje ana ta rugugi, hadarin yana komawa yamma. Sai da aka gama na lura ƙafafuna sun yi jini a ƙasa, aka zaunar da ni aka ciro mini guntayen tukwane.

Washegari na koma gida na tarar an taru a kan san. Mahauta sun zo da wuƙaƙe suna cewa ko an samu wanda ya yanka kafin ransa ya fita. Mma ta ce ba wanda ya yanka, a gabanta ya mutu. Limamin unguwa ya ce mushe ne, ba Musulmin da zai ci. Bafulatanin da ya kawo shi daga arewa ya zo, ya tsuguna ya dafa goshin san, ya daɗe a haka yana magana ƙasa-ƙasa da Fillanci. Da ya miƙe bai tambayi komai ba sai jikin Maigida. Gawar ta kumbura ta ƙi fita ta zaure, sai 'yan'uwan Maame suka zo suka daddatsa ta a nan tsakar gida suka fitar. Mun yi kwanaki muna wanke wurin da toka, ƙudaje ba su bar mu ba.

An daɗe ba a dawo da wuta Alabar ba. Da ma'aikata suka zo gyara, Maame ta tsaya a zaure ta ce ba wayar da za ta sake ratsa mata tsakar gida, sai dai a bi da ita ta jikin bango, in ba haka ba su kwashe kayansu. Fiyar kuma da kanta ta sa aka sare. Ni da yaro muka koma ɗakin Mma har aka sake mana rufi. Duk lokacin da hadari ya taso a wannan damina, ni da ita muke aikinmu tare. Jikina bai daina rawa ba, har yau da na tsufa bai daina ba. Amma na riga na san cewa da rawar zan iya kunna ashana.

Maigida ya dawo da hannunsa, ba a yanke ba, sai dai yatsun sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa. Ba ya iya riƙe igiya, wannan bai dame shi sosai ba, domin dillanci da baki ake yi. Abin da ya karya shi shi ne loma. Ba ya iya yanko tuwo da dama, kuma ya rantse ba zai ci da hagu ba. Na ce in ba shi a baki, ya ce shi ba jariri ba ne. Sai koko yake sha yana tashi. Mutumin da yake kayar da sa ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zama mai faɗa. Wata rana na kawo masa tuwo da miyar kuɓewa, ya gwada, ya sake gwadawa, lomar tana zamewa tana faɗuwa. Ya ɗauki akushin da hagu ya maka shi a bango, ya rabe biyu, miya ta fantsama har kan yaro. Yaron ya fashe da kuka. Shi kuma ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna motsi. Na ɗauki yaro na fita, domin ba ya so in gani.

Na je wurin wani baduku a bakin kasuwa na kwatanta masa hannun. Ya ce in kawo cokalin itace mai kauri. Ya ɗinka masa wata fata kamar munduwa, wadda za a zura tafin hannu a ciki a ja igiya ta kama, cokalin ya zauna tsakanin lanƙwasassun yatsun. Na kawo na ajiye kusa da tabarmarsa. Kwana biyu yana nan bai taɓa shi ba. A rana ta uku na kawo abinci na juya zan fita, sai ya ce, "Ke, zo ki ɗaura mini abin nan."

Na durƙusa na ɗaura. Ya sa cokalin cikin tuwo, ya yanko, ya tsoma a miya. Kafin ya kai baki rabi ya zube a gaban rigarsa. Ya dubi rigar, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya sake yankowa. Wannan karon ta isa. Ya tauna a hankali ya haɗiye, ya ƙura wa akushin ido har na ɗauka shi ma zai tafi bango.

Sai ya ce, "Miyar nan ba gishiri."

Na tashi na ɗebo masa.